Wa Ke Riƙe Wa Mai Saye Ma'auni?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na jaridarku in yi magana a kan abin da kowane mai karatunku yake yi, mai hali da marar hali, amma ba kasafai ake zama a dube shi da idon basira ba, wato yadda mutum yake yanke shawarar sayen abu. Duk lokacin da jaridu suka taɓo wannan batu, shawarar ba ta wuce guda: mai saye ya yi hattara, ya buɗe ido, ya guji almubazzaranci. Shawara ce mai kyau, ban ƙi ta ba. Sai dai ta ɗora kayan duka a kan mutum ɗaya, alhali ciniki na mutum biyu ne, kuma ɗayansu ya fi ɗayan shiri nesa ba kusa ba.

Na yi shekaru masu yawa ina sayar da kayan lantarki na gida, su firji da talabijin da injin wanki, daga baya na koma wayoyin hannu. A bayan kanta na fara fahimtar masu saye. Bayan na bar aikin ne na samu sukunin karanta abin da masana tattalin arziki da masana halayyar ɗan Adam suka gano, sai na tarar yawancin abin da suka auna a jami'o'insu mun daɗe muna ganinsa a fuskokin mutane. Abin da na fito da shi daga wuraren biyu shi ne, abu biyu ke tuƙa shawarar mai saye: da me yake gwada kayan, da kuma tsawon lokacin da aka bar masa ya yi tunani. Wanda duk ya riƙe waɗannan biyun ya riƙe cinikin, kuma a yau mai sayarwa ne ke riƙe da su.

Bari in fara da ma'auni. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma haka ne ga abin da ido ya saba gani. To amma wane ido ne ya san ƙimar injin da ke ɓoye a bayan firji, ko ta batirin da aka manne a cikin waya? Mai saye ba shi da hanyar sanin ainihin darajar irin wannan kaya, don haka sai ya laluba abin da zai gwada shi da shi, kuma abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne lambar da ta fara shiga kunnensa. A 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman sun wallafa sakamakon wani gwaji da ya nuna ƙarfin lambar farko. Sun juya wa mutane wani faifai mai lambobi wanda aka shirya ya tsaya ko dai a kan 10 ko a kan 65, sannan suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda faifan ya tsaya musu a 10, tsakiyar amsoshinsu ta faɗa a kan 25. Waɗanda ya tsaya musu a 65, tasu ta faɗa a kan 45. Kowannensu ya ga faifan da idonsa, ya san babu abin da ya haɗa shi da tambayar, amma duk da haka lambar ta ja shi. In lambar caca ta iya jan mutum haka, ina ga lambar da mai kaya ya zaɓa da gangan ya manna a jikin hajarsa?

A wurin aiki an koya mana kada mu fara nuna wa mai saye kaya mai araha. Sai ka fara kai shi gaban babban firji mai ƙofa biyu, wanda kai da shi duk kun san ba zai saya ba. Ya buɗe, ya rufe, ya shafa jikinsa, ya ji farashi ya girgiza kai. Daga nan ka sauko da shi zuwa matsakaici. Kuɗin da zai ɗaga masa hankali in da shi ya fara ji, yanzu sai ya ji shi da sauƙi. Haka kuma in aka jera uku, ƙarami da matsakaici da babba, mafi yawan mutane na tsakiya suke ɗauka, domin suna gudun a ce sun sayi na banza, suna kuma gudun a ce sun yi ɓarna. Masu shirya kanti sun san da wannan, shi ya sa sau da yawa za ka tarar kayan da ake son fitarwa shi aka sa a tsakiya, na saman kuma an ajiye shi ne kawai don ya zama abin gwadawa. Babu ƙarya ko ɗaya da aka faɗa wa mai saye a cikin duk wannan. An dai zaɓa masa abin da zai auna da shi.

Inda abin ya fi ƙamari shi ne rangwame. Ka ga farashi biyu a takarda ɗaya, an ja wa na sama layi, an rubuta na ƙasa da ja. Mai saye ba ya tambayar ko kayan ya kai kuɗin da ake nema, hankalinsa ya tafi kan tazarar da ke tsakanin lambobin biyu, sai ya ji kamar riba ya ci. Labarin kamfanin J.C. Penney na Amurka ya isa darasi a nan. A farkon 2012 sabon shugabansa, Ron Johnson, wanda ya zo daga ɓangaren kantunan Apple, ya yanke shawarar daina wasan ɗaga farashi a sauke. Ya soke yawancin rangwame da takardun ragi, ya sa wa kaya farashi mai sauƙi kai tsaye. Masu saye suka watse. Cinikin kamfanin ya faɗi da kusan kashi 25 cikin 100 a wannan shekara, kuma a watan Afrilu na 2013 aka sallame shi, aka koma gidan jiya. Mutane da yawa suna kawo wannan labari don su nuna wai masu saye suna son a yaudare su. Ni ban karanta shi haka ba. Farashin da aka ja wa layi shi ne kaɗai ma'aunin da matar da ta shigo sayen riga take da shi. An ɗauke shi ba a ba ta wani a madadinsa ba, sai ta rasa yadda za ta san ko cinikin ya yi kyau, ta tafi inda za a nuna mata lamba biyu. Tarayyar Turai ta bi wata hanyar da ta fi dacewa da halin ɗan Adam: tun 2022, duk wanda ya sanar da ragi dole ya nuna farashi mafi ƙanƙanta da ya sayar da kayan a cikin kwana 30 da suka gabata. An bar wa mai saye ma'auninsa, an dai hana a yi masa algus a ciki.

Akwai wani gwajin na waɗancan masana biyu, Tversky da Kahneman, na 1981, da ya fassara mini abin da na daɗe ina gani. Sun tambayi mutane ko za su yi tafiyar minti 20 a mota zuwa wani reshen kanti don su rage dala 5 a kan na'urar lissafi. Da aka ce kuɗin na'urar dala 15 ne, kashi 68 cikin 100 suka ce za su je. Da aka ce dala 125 ne, kashi 29 kawai suka yarda. Dala biyar ɗin ba ta canja ba, tafiyar ma haka. Mutum yana auna ragi da girman kuɗin da ke gefensa. Wannan shi ya sa lokacin da ya fi sauƙin sayar da ƙananan kaya shi ne daidai bayan an sallama babba. Wanda ya gama biyan kuɗin talabijin, in ka ce masa ga abin rataye ta a bango, ga waya ta musamman, ga ƙarin garanti na wasu shekaru, da wuya ya yi gardama, domin duk sun zama ƙanana a idonsa. Mutumin nan da ya shafe rabin sa'a yana neman ragi a kan talabijin ɗin, sai ka ga ya mayar da abin da ya rage har da ƙari a cikin minti biyu. Kuma a kan waɗannan ƙananan ne ribar kanti ta fi kauri.

Tambayar da aka fi yi mini a duk tsawon aikina ba ta shafi inganci ko ƙarfin wuta ba. Ita ce, "Wanne aka fi saye?" Ban taɓa raina mai wannan tambaya ba, don akwai hankali a cikinta. Wanda ba zai iya buɗe cikin injin wanki ya duba ba, yana da hujjar ya dogara da ɗaruruwan da suka riga shi. Matsalar ita ce su ma waɗanda suka riga shin wataƙila na gabansu suka bi. A 2006 Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts sun wallafa sakamakon wata kasuwar waƙoƙi ta gwaji da suka buɗe a intanet, mutum sama da 14,000 suka shiga, aka ba su waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a san su ba. An raba mutanen rukuni-rukuni. A rukunan da ake nuna musu sau nawa wasu suka sauke kowace waƙa, wadda ta yi sa'ar samun masoya da wuri sai ta yi ta yin sama, kuma wadda ta zo kan gaba a wannan rukuni tana iya zama can tsakiya a wancan. Waƙoƙin dai su ne, mutanen ma iri ɗaya ne. Inganci ya yi tasiri, domin mafi kyau ba su cika faɗuwa ƙasa warwas ba, mafi muni kuma ba su cika hayewa sama ba, amma abin da ke tsakani sa'a ce da bin sahu.

Yau wannan tambaya ta "wanne aka fi saye" ta koma taurari da sharhin da ke ƙarƙashin hoton kaya a intanet. Tunda masu sayarwa sun gane cewa da su ake yanke shawara, sai aka samu masu sana'ar rubuta sharhin ƙarya, da masu sayen mabiya, da masu biyan fitattun mutane su yabi abin da ba su taɓa amfani da shi ba. Abin har ya kai hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta kafa doka a 2024 da ta haramta saye da sayar da sharhin bogi. Wannan cuta ba sabuwa ba ce. Manzon Allah (SAW) ya hana najashi, wato mutum ya riƙa taya kaya yana ɗaga kuɗinsa ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya ya ɗauka ana rububinsa. Wanda ya zauna ya rubuta yabon kayan da bai taɓa riƙewa ba don a biya shi, ban ga abin da ya raba shi da mai najashi ba, illa shi nasa yana ruɗar dubban mutane a lokaci ɗaya.

A nan zan ɗan ratse, domin akwai abin da nake ganin masana ba su ba shi haƙƙinsa ba. Sau da yawa wanda ke tsaye a gabanka ba shi kaɗai yake sayayyar ba. Akwai wanda ba ya wurin amma da shi ake shawara a zuci: matar da za ta yi amfani da injin, ko mahaifin da zai tambayi nawa aka saya, ko abokan aiki da za su ga wayar a hannu. Tun 1899 Thorstein Veblen ya yi rubutu a kan masu saye don a gani a san suna da shi, kuma akwai su, na sayar musu. Amma waɗanda na fi gani ba nuna isa ke tura su ba, tsoron zargi ne. Mutum zai ƙara kuɗi ya ɗauki sunan da kowa ya sani, domin in ya lalace za a ce ƙaddara ce, in kuwa ya ɗauki baƙon suna ya lalace za a ce shi ya jawo, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Rabin kuɗin da manyan kamfanoni ke zubawa a talla, a ganina, wannan kariyar suke sayarwa. Ba na ganin laifin wanda ya biya don ya tsira daga surutu a gidansa, amma yana da kyau ya san abin da yake biya.

Sai batun lokaci, wanda a wurina ya fi na ma'auni nauyi. Babu jumlar da mai sayarwa yake gudu kamar "bari in je in dawo." Duk dabarun rufe ciniki an gina su ne don kada a kai ga furta ta: saura ɗaya, gobe farashi zai tashi, wani ya ce yana zuwa da yamma ya ɗauka. Dalilin gudun ba wai kawai mutum zai iya saya a wani wuri ba ne. Wanda ya je ya kwana a kan shawara, in ya dawo da wasu tambayoyi yake dawowa. Jiya launi da girma yake tambaya. Yau yana tambayar wutar da injin yake ci, da ko ana samun kayan gyaransa, da abin da garanti ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, da wanda zai ɗauki nauyin dawo da shi in ya ƙi aiki. Wani ma ya dawo ya ce ya duba tsohon nasa ya ga gyara kawai yake buƙata. Abin da na lura da shi kuma shi ne, masu tafiya su dawo ba su cika zuwa daga baya da ƙorafi ba. Masu dawowa rai a ɓace yawanci waɗanda suka saya ne a tsaye, zuciya na bugawa.

A intanet an mayar da wannan gaggawa inji mai aiki dare da rana. Agogo yana ƙirga daƙiƙoƙin da suka rage kafin ragi ya ƙare, rubutu yana cewa mutum kaza suna kallon wannan kaya yanzu, an riga an yi maka alama a akwatin ƙarin kuɗin da ba ka nema ba, kuɗin kawowa kuma ba ya bayyana sai ka kai shafin ƙarshe, lokacin da ranka ya riga ya kwanta a kan kayan. Shiga rajista dannawa ɗaya ne, fita kuwa sai ka bi ƙofa bayan ƙofa. Wani masanin tsara shafukan intanet ɗan Birtaniya, Harry Brignull, ya fara tattara irin waɗannan dabarun yaudara yana fallasa su tun 2010, kuma daga baya hukumomi a Turai da Amurka suka shiga bin su. A 1999 Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, ya yi rajistar mallakar fasahar saye da dannawa ɗaya. Kamfani ba ya wahalar kare irin wannan fasaha sai ya san kuɗin da ke cikin 'yan daƙiƙoƙin nan da mutum yake tsayawa ya sake tunani.

Hanyar biya ma tana cikin lissafin. Ƙirga tsabar kuɗi a miƙa wa wani yana da zafi, kuma zafin nan birki ne. Drazen Prelec da Duncan Simester na jami'ar MIT sun yi gwanjon tikitin kallon wasan ƙwallon kwando, aka gaya wa wasu da tsabar kuɗi za su biya, wasu kuma da katin bashi. Sakamakon da suka wallafa a 2001 ya nuna masu kati sun taya kusan ninki biyu na abin da masu tsaba suka taya. Na ga irin wannan da idona lokacin da sayarwa a biya kaɗan-kaɗan ta yawaita. Da zarar ka daina faɗin jimillar kuɗi ka koma faɗin abin da za a riƙa biya a wata, mutumin da ya shigo neman ƙaramar waya sai ya fita da babba. Kaɗan ne ƙwarai suke ɗaukar abin lissafi su ninka kuɗin watan da yawan watannin su ga inda ya tsaya.

Saboda sanin wannan rauni ne dokar Tarayyar Turai ta ba wanda ya yi sayayya daga nesa kwana 14 ya fasa ba tare da ya kawo dalili ba, ban da wasu nau'o'in kaya da aka keɓe. Malaman fiƙihu kuwa tun ƙarnoni da suka wuce suka buɗe babin zaɓi a cikin ciniki, inda mai saye zai iya sharɗanta wasu kwanaki ya duba kaya ya yi shawara kafin ciniki ya tabbata, da kuma haƙƙin mayar da kaya in aka tarar da aibin da aka ɓoye. Al'ummomi daban-daban sun iso wuri ɗaya, domin duk sun lura mutum a tsaye gaban haja daban yake da mutumin da ya koma gida ya natsu.

Kada a ɗauka ina cewa mai saye ya zauna ya tantance kowane kaya da ke duniya kafin ya sayi fitila. Herbert Simon, wanda ya samu kyautar Nobel a 1978, ya nuna tun shekarun 1950 cewa ɗan Adam ba ya neman mafi kyau duka, yana neman wanda ya isar ne, da ya same shi sai ya tsaya, kuma hakan hikima ce ga mai ƙarancin lokaci. Na sha ganin ruwan ido ya kori mutum daga gaban wayoyi ashirin bai sayi ko ɗaya ba, alhali in ka tambaye shi me zai yi da wayar ka ware masa biyu, cikin minti biyar ya zaɓa kuma ya ji daɗin zaɓinsa. Gajerun hanyoyin da ƙwaƙwalwa ke bi suna yi mana aiki a yawancin rayuwa. Abin da ya canja shi ne yanzu akwai masu albashi mai tsoka waɗanda aikinsu kawai su nazarci waɗannan hanyoyi su ɗana tarko a kansu.

Wanda abin ya fi ci mini rai a kansa shi ne mai ƙaramin ƙarfi. A gogewata shi ne ya fi wuyar ruɗa da kashi kaza cikin ɗari, domin shi kuɗin yake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, ya san abin da kowane zai saya masa a wani wurin. Ya fi kowa sanin araha ba ta ado. Amma sanin bai fisshe shi ba, tunda abin da ke hannunsa bai kai na mai ƙarko ba. Sai ya sayi mai araha ya mutu, ya sake saye, a ƙarshe ya kashe fiye da abin da mai hali ya kashe sau ɗaya. In kuma ya bi ta hanyar biya kaɗan-kaɗan, shi ne zai biya jimilla mafi tsada. In jarida ta ce wa irin wannan mutum ya yi hattara, ba ta ƙara masa komai ba. Abin da zai amfane shi shi ne a gaya masa, a cikin masu arahar nan, wanne ne yake jurewa.

Wannan kuwa ba abin da zai iya ganowa shi kaɗai ba ne. Masana sun raba kaya gida uku: wanda za ka iya tantancewa kafin ka saya, kamar girman allon talabijin, wanda sai ka yi amfani da shi za ka sani, kamar daɗewar batiri, da wanda ko bayan ka yi amfani da shi ba za ka tabbatar ba, kamar gyaran da makaniki ya ce ya yi a cikin inji ko ingancin magani. Yawancin kuɗin mutane a gida na biyu da na uku yake tafiya, wato cinikin biri a sama. George Akerlof, wanda shi ma ya samu Nobel a 2001, ya yi bayani a 1970 da misalin kasuwar tsofaffin motoci cewa in mai saye ba zai iya bambance mai kyau da marar kyau ba, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, sai masu kaya nagari su janye, kasuwa ta rage wa masu jabu. Ke nan rashin bayani yana cutar ɗan kasuwa mai gaskiya kamar yadda yake cutar mai saye. Na san abokan sana'a da suka daina kawo kaya masu ƙarko don dole, saboda na kusa da su yana sayar da mai kama da shi a rabin kuɗi kuma babu mai iya ganin bambancin sai bayan shekara.

Wasu ƙasashen sun magance wani ɓangare na wannan ta hanyar kafa masu gwaji da ba su cin abincin kowa. A Amurka akwai Consumer Reports tun 1936, wadda take sayen kaya da kuɗinta kamar kowane mai saye, ta gwada, ta buga sakamako, kuma ba ta karɓar talla. A Birtaniya akwai Which? tun 1957, a Jamus akwai Stiftung Warentest tun 1964. A ranar 15 ga Maris 1962 Shugaba John F. Kennedy ya lissafa wa majalisar dokokin Amurka haƙƙoƙi huɗu na mai saye: kariya daga kaya masu cutarwa, samun bayani, samun zaɓi, da a saurare shi. Ranar ce ta zama ranar haƙƙin masu saye ta duniya. A cikin huɗun nan, na biyu aikin jarida ne tsantsa.

Don haka, Malam Edita, ga roƙona. Na san jarida da talla take rayuwa, ba na kuma neman ku rufe wannan ƙofa. Amma duk rubutun da aka biya kuɗi aka buga, a rubuta a samansa ɓaro-ɓaro cewa talla ne, kada a saka masa rigar labari, domin mai karatu ya amince da ku ne shi ya sa mai talla yake son aron muryarku. In kamfani ya aiko da sanarwar ragi, wakilinku ya tambaye shi nawa yake sayar da kayan a watan da ya wuce, a buga amsar tare da sanarwar. In tallan biya kaɗan-kaɗan ne, a nemi jimillar abin da mutum zai biya daga farko har ƙarshe a sa ta kusa da kuɗin watan, da rubutu mai girma ɗaya.

Babban roƙon kuma shi ne ku buɗe fili na dindindin na gwajin kaya. Ba sai kun mallaki ɗakin bincike ba kafin ku fara. Ku sayi caja iri biyar ko ƙwan fitila iri biyar da kuɗinku, ba tare da mai kaya ya san ku waye ba, ku ba mai ilimin lantarki ya auna, ku buga abin da ya gani da sunan kowanne. Ku zagaya wurin masu gyaran firji da waya ku tambaye su wanne aka fi kawo musu da wace cuta, da wanne ne ba a samun kayan gyaransa, domin su ne suke ganin kaya bayan talla ta gama aikinta, kuma babu mai tambayarsu. Ku ba masu karatu dama su rubuto yadda abin da suka saya ya kasance bayan shekara guda, ku tantance kafin ku buga. Idan kun buɗe wannan fili, a shirye nake in zauna da duk wakilin da kuka ɗora a kansa in ba shi tambayoyin da ya kamata ya riƙa yi a gaban kanta, da yadda zai karanta takardar garanti ya gano abin da aka cire daga cikinta.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam.

Naku,
Tsohon mai sayar da kayan lantarki, kuma mai karanta jaridarku